Ammu Jalil, Mai Subiyar A-Sha-A-Tsaye

Assalamu alaikum jama'ar shafi, na Balad da na Sa'alaba, har da ku da kuka gudu arewacin Jidda kuka fara kiran shayi da wani suna. Kun san bakina ba ya zama wuri ɗaya, amma yau na ɗaure shi da igiya, don tarihin mutum guda na kawo muku, daga haihuwa har kabari. Duk wanda ya taɓa tsayawa a lungun bayan kasuwar Suk Alawi da kofin silba a hannu ya riga ya gane ko wane ne. Wanda bai gane ba, yalla, ya gyara zama.

Haihuwa da asali

An haifi Abduljalil ɗan Na'ibi a unguwar Ammariyya ta birnin Jidda, a watan Sha'aban na shekarar 1371 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1952. Mahaifinsa, Malam Na'ibi, mutumin Matamai ne ta ƙasar Damagaram, wanda ya baro gida a ƙafa da niyyar sauke farali, ya ratsa Cadi da Sudan yana noma yana tafiya, har ya auri Luba a hanya, suka ƙetaro teku tare. Da ya gama hajji sai ya tsaya a Jidda ya ɗan huta, ya kama sana'ar ga-ruwa, yana hawa benayen Balad, tsohon garin Jidda, da garwa biyu a kafaɗa.

Hutun nan shi ne bai ƙare ba. A zamanin da maƙwabtansa da dama suka nemi takardar zama 'yan ƙasa suka samu, Malam Na'ibi ya ƙi zuwa, yana cewa mai komawa gida baɗi me zai yi da takardar garin wasu. Baɗi ta zo ta wuce, wata baɗin ta biyo ta, har Allah ya karɓi ransa a shekarar 1969 yana nan yana shirin tafiya. Gadon da ya bar wa ɗansa ke nan: haihuwar Jidda, harshen Jidda, amma zama da iƙama, takardar izinin zaman baƙo, kamar wanda jirgi ya sauke jiya.

Karatu

Abduljalil ya yi karatun Alƙur'ani a wajen wani malami Babarbare a unguwarsu, sannan ya shiga makarantar gwamnati ya yi firamare. An ce yana da kai, sai dai surutu, wanda ni ban ga laifinsa ba. Da ciwon baya ya kwantar da mahaifinsa a shekarar 1966, sai ya ajiye littafi ya nemi sana'a, domin shi ne babba a gida.

Koyon sana'a

Ya shiga hannun Ammu, wato Baffa, Abdulelah, wani dattijo Bahijaze mai sayar da subiya, wanda Malam Na'ibi ya daɗe yana kai wa ruwa. A gidan ne ya shaƙu da Nayef, ɗan maigidan, tsaransa, wanda daga baya ya zama kafilinsa, wato ɗan ƙasar da ke tsaya wa baƙo a takardar zamansa. Tun suna yara Nayef ke cin zalinsa a wasan ƙwallo, kuma har suka yi furfura Jalil bai yafe ba.

Ga waɗanda aka haifa a cikin sanyin mota, bari in yi bayani. Subiya ana jiƙa sha'ir ne da busasshen burodi, a zuba kirfa da hel, a rufe a tulu a bar ta ta kwana har ta tashi, sannan a tace a sa sukari da ƙanƙara. Wannan tashin shi ne daɗinta, shi ke ba ta ɗan tsamin da ke cizon harshe. Kuma shi ne hatsarinta, domin abu ne mai rai, ba ta tsayawa inda ka bar ta. Ka ajiye ta a zafin Jidda ka manta da ita, sai ta wuce iyakar halal ta shiga wata ƙasa ba biza. A garin da babu kantin giya kuma babu mai lasisin sayar da ita, mai mugun nufi ya san inda zai duba.

A shekarar 1973 abin da ya sauya rayuwarsa ya faru. Akwai wani maƙwabcinsu Mahamat, mutumin Abeshe, ɗan dako a tashar jiragen ruwa, wanda yana cikin waɗanda suka ɗauki gawar Malam Na'ibi. Mahamat kan zo da jarka ya ce abokan aiki ne suka aiko shi, Jalil ya cika masa har da gyara, don mutunci. Ashe jarkar saman rufi take zuwa ta sha rana. Aka kama shi a buge, aka hukunta shi, aka mayar da shi ƙasarsu, ya bar mata da ƙananan yara a Ammariyya suna cin abin da maƙwabta suka miƙo. Babu wanda ya tuhumi Jalil, ko a hukumance ko a unguwa. Shi ne ya tuhumi kansa, ya je gaban Ammu Abdulelah ya rantse cewa ba za a ƙara yin giya da aikin hannunsa ba har ya koma ga Allah.

Basɗarsa da lungunsa

Bayan rasuwar maigidansa a shekarar 1976, ya kafa basɗarsa, wato teburin sana'a a bakin hanya, a wani lungu siriri da inuwar tagogin katako ke rufewa. Dokarsa ɗaya ce: a sha a nan, kofi ya dawo. Babu leda, babu jarka, babu «zuba mini in kai wa yara». Sauran masu subiya a watan azumi tun la'asar suke ƙulla leda mutane na layi, shi kuwa sai an kira magariba yake buɗe tulu. Da farko an ce mahaukaci ne, kuma ba zai yi wata uku ba. Amma harshe ba ya ƙarya, subiyarsa ta fi ta kowa, don haka mutane suka zo suna zagi suna sha.

An ba da labarin wani attajiri da ya aiko direbansa da fulas mai tsada. Ammu Jalil ya dubi fulas ɗin ya ce, «Ka ce wa maigidanka ƙafa biyu Allah ya ba shi, irin nawa.» Washegari sai ga attajirin da kansa, da turarensa da komai, tsaye kafaɗa da kafaɗa da wani ɗan dako, kowa da kofinsa.

To mutum in ya tsaya sai ya yi magana, in ya yi magana sai ya ji yunwa. Sai mai balila, dafaffen waken nan na Larabawa, ya kafa tukunya a gefe, mai soya hanta ya biyo shi, wani tela mai suna Usuman ya kama shago, wani wanzami mai suna Meshari ya kafa kujera da madubi. Kafin shekaru goma lungun da ko kuliyoyi ba sa so ya zama majalisar Balad. Baƙon da ya sauka daga Maraɗi ko Anjamena yana neman ɗan'uwansa, can ake tura shi. A can ake jin wa ke neman direba, wa ya haihu, wa aka kama, wa aka sako. Yamani da Bahaushe da Bahadarame da ɗan gari, kowa ya san sunan uban kowa, kuma yana amfani da shi wajen tsokana. Iyayenmu in suka fara labarin lungun nan sai ka ɗauka Aljanna ce aka ɗan ƙuntata.

Aure da 'ya'ya

A shekarar 1978 ya auri Safiya, 'yar tela Usuman. Asalin abin, ubanta ne ya aike ta da kwano, Jalil ya ce ba ya zubawa a kwano. Ta ce, «Shago ga shi nan, taku nawa ne? Ko subiyar taka tana jin tsoron hanya?» Ya ce ba ta saba fita ba ne. Ta ce to Allah ya ba ta miji a gida. Bai zuba ba, amma bai yi barci da daɗi ba, kuma kafin shekara ta zagayo an ɗaura aure.

Ita ce ta samo wa dokar ƙofa. Tsofaffi da marasa lafiya da matan da ba sa fita, Safiya ke ɗaukar kofi a rufe ta kai musu har ɗaki, ta zauna a yi hira, a shanye a gabanta, ta dawo da kofin. Da haka ta san cikin gidajen Balad fiye da masu gidajen. Allah ya ba su 'ya'ya bakwai tsakanin 1980 da 2005, biyu suka rasu suna ƙanana.

Dokar ruksa

Tun shigowar shekarun 2000 Balad ta fara yin sanyi, masu hali suna komawa arewa, tsofaffin gidaje suna tsagewa. Lungun Ammu Jalil kaɗai ya ƙi mutuwa. Sai kuma aka tsananta dokar ruksa, wato lasisin sana'a, a kan abin sha. Kuma don Allah kada wani ya zo mini da zagin hukuma a ƙasan rubutun nan, domin dalili akwai shi: wasu na haɗa subiya a bayan gida da ruwan da Allah kaɗai ya sani, yara na kwanciya asibiti, wasu kuma da gangan suke sayar da wadda ta riga ta ƙetare iyaka. Sai aka ce babu sauran buɗaɗɗen tulu a titi. Mai son sayarwa ya kama shago mai ruksa da firji, ya zuba a kwalba, ya rufe, ya buga kwanan wata.

Mufattishin, wato jami'in duba-gari, da ya zo ɗaga teburin a shekarar 2013 yaron unguwar ne, wanda a kafaɗar ubansa ya fara shan subiyar wurin. Ya tsaya yana murza hula ya ce, «Samihni ya ammu, ka yafe mini, aiki ne.» Ammu Jalil ya ce, «Halas, ɗana. Kama can, in kama nan, teburin yana da nauyi.» Tare suka ɗauke shi.

Ba a kori mai balila a ranar ba, ba a kori kowa ba. Amma da babu abin tsayawa, babu mai tsayawa. Mai hanta ya koma Sa'alaba, mai balila ya koma ƙasarsu, Meshari ya naɗe madubinsa ya tafi Makka wajen ɗansa. Lungun ya koma hannun kuliyoyi, su ma kamar ba da son ransu ba.

A shekarar ce kuma aka yi gyaran takardu, aka ce kowane mai iƙama sai ya yi aiki a wurin kafilinsa, aikin da takardarsa ta ambata. Nayef ya zo da mafita: zai buɗe shago da ruksa a bakin lungun, Jalil ya zama ma'aikacinsa, a rubuta «Subiyar Ammu Jalil» a allo, iƙama ta sabuntu, kowa ya huta. In ba haka ba, babu aikin da zai rubuta masa, kuma mutum mai shekara sittin da ɗaya, da mata da yaran da ke ƙarƙashin takardarsa, sai ya tattara ya nufi Matamai, garin da bai taɓa gani ba, inda in ya buɗe baki da Hausarsa rabi Larabci yara za su biyo shi suna dariya. Amma kwalba a rufe, wadda kowa zai ɗauka ya tafi da ita inda ya ga dama, a wajen Jalil jarkar Mahamat ce aka yi wa ado da kwanan wata.

To ya jama'a, ku tsaya nan. Rantsuwar shekara arba'in a hannun dama, garin haihuwarka da makomar 'ya'yanka a hannun hagu. Kai da kake karantawa a kwance, me za ka yi? Kada ka yi mini wa'azi, ka faɗi gaskiya.

Shekarun shago

Ya amince. Aka buɗe shago a azumin 2014, tsofaffin abokan ciniki suka yi layi kamar ranar salla. Nayef ne ya fara buɗe kwalba, ya kurɓa, ya tsaya, ya sake kurɓa, sannan ya ja Jalil bayan firji.

Ya ce, «Ya Jalil, mene ne wannan? Ruwan wankin sha'ir?»

Jalil ya ce, «Subiya ce. Ga kirfa, ga hel, ga sukari.»

«Ina cizon?»

«Ban bar ta ta tashi ba. Tafasa ta na yi. Wannan ko shekara ta yi a saman rufi, sai dai ta yi wari a zubar.»

Nayef ya ce, «Wallahi ubana zai tashi daga kabari ya mare mu.»

Jalil ya ce, «Ni zai fara mara. Kai kafili ne, ka tsaya a baya.»

Nayef yana da ikon ya sallame shi a ranar ya ɗauko wani, masu haɗa subiya ba su ƙare a Jidda ba. Bai yi ba. Jalil ya roƙe shi abu ɗaya, kada ya gaya wa kowa, domin in aka ji dalili kamar ya ce wa mutanen da suka yi shekaru suna tsayawa a gabansa bai yarda da su ba ne, kuma shagon abokinsa zai lalace tun bai tsaya da ƙafarsa ba.

Sai magana ta bazu cewa hannun Ammu Jalil ya mutu. Wasu suka ce tsufa, wasu suka ce ya koyi ha'inci tunda ya shiga shago, wasu suka ce dama Safiya ce ke haɗawa. Mutumin da attajirai ke taka ƙafa su zo wajensa ya zama abin ba'a a majalisa, yana ji, yana murmushi, yana goge kanta. Wata rana Meshari wanzami ya zo daga Makka musamman, da sandarsa, ya sayi kwalba ya buɗe a tsaye kamar da. Ya kurɓa sau ɗaya ya rufe. Ya ce, «Jalil, me ya same ka?» Jalil ya ce, «Abin da ya sami gashin kanka.» Suka yi dariya, Meshari ya tafi da kwalbar a hannu bai ƙara sha ba. Safiya ta ce ranar Jalil bai taɓa abinci ba.

Abin dariyar, shagon bai faɗi ba. Aka gyara Balad, aka fente tagogi, aka rataya fitilu, baƙi suka fara zuwa daga Riyad da ƙasashen waje. Su ba su san cizo ba balle su nema. Su sayi kwalba, su ɗauki hoto da dattijon mai farar hula a bakin ƙofa, su wuce. Lungun yanzu ya fi da kyau nesa ba kusa ba, ga tsabta ga haske, kuma za ka iya ratsa shi daga farko har ƙarshe babu wanda ya tambaye ka ɗan wane ne kai.

Ƙarshen rayuwa da rasuwa

A shekarar 2017 ya koma Sa'alaba da zama, kusa da babban ɗansa. Ciwon sukari ya taɓa masa ido, amma bai daina zuwa shago ba, kuma duk shekara Nayef na sabunta masa iƙama yana mita cewa wannan ce ta ƙarshe. Ya yi azumin 1444 a kan kujerarsa, ya yi salla da iyalinsa, sannan ya kwanta jinya ta 'yan kwanaki. Ya rasu a gidansa bayan sallar azahar, a watan Shawwal na shekarar, wato 2023, yana da shekara saba'in da ɗaya. Aka yi masa salla a Balad, aka binne shi a maƙabartar Asad kusa da Bab Makka, a ƙasar garin da aka haife shi, takardarsa da sauran wa'adi.

A zaman makoki ne wani ya ce Allah ya jiƙan Ammu, da dai hannunsa bai mutu da wuri ba. Nayef ya ajiye kofin gahawa ya ce alkawari ya ƙare tunda mai shi ya tafi, ya ba da labarin tafasawar daga farko har ƙarshe.  Sai Meshari ya ce, «Shekara tara muna zaginsa, ɗan banza bai ce uffan ba.» Ya rufe fuska da gefen mayafinsa.

Allah ya yafe masa, ya shayar da shi daga abin da ba ya juyawa, ya haɗa shi da iyayensa.

Ya rasu ya bar matarsa Safiya da 'ya'ya biyar da jikoki da dama. Akwai Isha'aku, babba, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Sa'alaba. Akwai Maryam, tana aure a Madina, sai Abubakar, direban motar kaya tsakanin Jidda da Yanbu, sai Rim, mai ɗinki kamar kakanta, wadda ke jin Hausa sarai amma da Larabci take amsawa. Sai auta Yazan, wanda yana ƙarami aka ɗaga teburin, kuma shi ke tsaye a shagon Nayef yanzu. Kwanan baya na same shi a bayan firji yana juya tukunya a kan wuta, na ce masa ko ya san asalin subiya ba a tafasa ta. Ya dube ni kamar na zagi wani nasa, ya ce, «Kaif ya'ni ba a tafasawa? Haka Baba yake yi.»